Na gama manhaja, mai aikin ya ce ba ita ya sa ni ba

Tambaya: Salam Malam, sannu da ƙoƙari. Ni sabon shiga ne a harkar haɗa manhaja, wata makaranta ta ba ni aikin manhajar ajiye makin ɗalibai, wata uku ina fama dare da rana, ran da na kai shugaban ya duba ya ce ba haka yake nufi ba, malamai kuma suka ce gara littafinsu. Wallahi duk abin da ya lissafa min na saka. A ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, ba ka turo min kod ɗin ba, wato rubutun umarnin da manhajar ke bi, amma ina kyautata zaton ba a can matsalar take ba. Tun ranar farko aka yi tuntuɓen, ka ɗauki bayani daga bakin shugaba alhali ba shi zai zauna yana shigar da maki ba. Shi rahoton ƙarshen zango ne a gabansa, malami kuwa yana da ɗalibai cike da aji, in sai ya buɗe shafin kowane yaro ya danna nan ya danna can ya jira abu ya gama juyawa kafin ya saka maki ɗaya, ai dole ya ce gara littafi, a littafi layi ɗaya yake bi daga sama har ƙasa ya gama. Wannan malamin ba zai taɓa faɗa maka ba ko ka tambaye shi, don shi bai ɗauke shi wani abu ba, hannunsa ne kawai ya saba. Sai ka ja kujera ka zauna kusa da shi ka ga yadda yake yi, ina yake gogewa, me yake rubutawa a gefen shafi in yaro bai zana jarrabawa ba, sannan za ka san aikin.

Sai kuma wata ukun nan da ka ɓuya, shi ya fi ba ni haushi gaskiya. Tun 1970 wani masanin haɗa manhaja mai suna Winston Royce ya yi rubutu kan tsarin nan na a tattara buƙatu, a tsara, a rubuta kod, sai can ƙarshe a gwada, kuma shi da kansa ya ce akwai haɗari a yin haka a jere ba waiwaye. A 2001 mutum 17 suka haɗu a jihar Utah ta Amurka suka fitar da abin da ake kira Ajayil, wato tsarin haɗa manhaja kaɗan-kaɗan ana nunawa ana gyarawa, cikin ƙa'idodinsu har da a riƙa miƙa abu mai aiki a kai a kai, daga sati biyu zuwa wata biyu. Da ka kai musu shafin saka maki kaɗai a sati na biyu da tuni sun ce maka a'a, asararka kwana goma sha huɗu ce kawai. Yanzu kar ka goge komai tukuna, ɗauki takarda da biro ka zana sikirin ɗin, ka ba malami ka ce nuna min inda za ka taɓa, in ya tsaya yana kallonka to zanen ne da gyara.

Tambaya: Malam dole ne sai an rubuta buƙatun? Ni da abokin aikina mun fahimci juna, da baki muke yi.

Amsa: Ku rubuta, ko da gajeru ne, kowace buƙata ta faɗi wane ne, me yake son yi, don me. Kuma ku guji kalma irin "ya yi sauri", sauri nawa? a kan wace irin waya, in netwok ya ɗauke fa? Abin da kowa ya ɗauka ai an sani shi ke yin ɓarna. A 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter saboda manhajar ɓangare ɗaya na fitar da lissafin ƙarfin turi da ma'aunin fam, ɗayan kuma yana karantawa a matsayin niyutin, wani ma'aunin ƙarfi na daban. A rubuce ma yake wanne za a bi, ba a dai bincika an tabbatar ba, balle ku da ba ku rubuta komai ba.

Tambaya: Mutum nawa zan ba su gwada?

Amsa: Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhaja, a 2000 ya ba da shawarar biyar a kowane zagaye, ka gyara, ka sake nemo wasu biyar. Amma ba abokanka masu kod ba, kuma lokacin da suke gwadawa ka danne zuciyarka ka yi shiru, kar ka nuna musu maɓallin.