Tambaya da Amsa: Yaya Zan Zana Dusar Ƙanƙarar da Ban Taɓa Gani Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai zanen allunan shaguna ne a garin Tawa, kuma kwanan nan na fara koyon zane da fentin mai. Wani da ya yi karatu a Maroko ya kawo mini hoton tsaunin Tubkal lulluɓe da dusar ƙanƙara yana so in zana masa, amma duk lokacin da na gwada, sai dutsen ya fito kamar an zazzage masa garin rogo. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kuskuren yana ga farin fentin da ka yawaita, domin ido yana gaya maka cewa dusar ƙanƙara fara ce fat, alhali kuwa ɗan kaɗan ne daga cikinta yake fari. Kada rashin ganinta ya karya maka gwiwa. Ka samu farar babbar riga, ka shimfiɗa ta a kan tulin duwatsu da hantsi, ka zauna ka dube ta da kyau. Za ka ga inda rana ta buga ya ɗauki ɗan rawaya-rawaya, lungunan da rana ba ta kai ba kuma sun yi shuɗi-shuɗi, saboda hasken da ke shiga cikinsu daga shuɗin sama yake saukowa. Haka dusar ƙanƙara take a kan Tubkal, wanda tsawonsa ya kai mita 4,167, kuma shi ne mafi tsawo a jerin tsaunukan Atlas.

Saboda haka kada ka fara a kan farin yadi. Ka shafe shi da launin jar ƙasa mai ruwa-ruwa, wanda ka tsinka da tarabantin, wato ruwan tsinka fentin mai, sannan ka fitar da siffar duwatsun da launi mai duhu, ka kuma tsai da gefen da rana take tun da wuri, kada ka sauya shi. Inuwar dusar ita ce wurin da nake so ka fi daɗewa: ka haɗa shuɗin ultramarin da fari da ɗigon jar ƙasa don ya rage masa kaifi, ka shimfiɗa shi a duk gangaren da ya ba rana baya. Gefen haske kuma ka sa masa farin titan da aka ɗan taɓa da rawayar ƙasa. Tsantsar fari sai a ƙarshe, a wurare biyu ko uku kawai a bakin ƙololuwa, da kauri, kuma a ganina wuƙar fenti ta fi buroshi a nan, domin tana barin duhun dutsen yana leƙowa ta ƙarƙashi.

Batun nisa kuwa, mutumin Adar kamarka ba ya bukatar dogon bayani, tun da ya san yadda hazon hunturu yake dusashe tuddai masu nisa. Tsaunin da ke baya ya zama mai haske, gefensa babu kaifi.

Ka kiyaye ƙa'ida guda: shafen farko ya zama siriri mai ƙarancin mai, kowane shafe na bisansa kuma ya fi shi man lin, wato man da ake kwaɓa fentin da shi, in ba haka ba zanen zai tsattsage daga baya. Fentin mai ba kamar fentin allunanka ba ne da ke bushewa cikin yini. A hankali yake daskarewa idan iska ta ratsa shi, kuma fari mai kauri yana iya ɗaukar mako guda ko fiye. A lokacin ƙura ka jingina zanen yana fuskantar bango ba tare da ya taɓa shi ba, kuma ka gaya wa mai aikin cewa man ƙyalli na ƙarshe ba a shafa shi sai bayan aƙalla wata 6.