Ina ganin baƙin ɗigo yana yawo a idona, ga ciwon kai

Tambaya: Likita, shekaruna 64, ina zaune a Aboabo, Kumasi. Kusan wata biyu ke nan ina ganin wasu baƙaƙen abubuwa kamar ƙananan ƙudaje suna yawo a idona na dama, musamman in ina karatun Alƙur'ani. Ga ciwon kai da safe. Me ke kawo haka?

Amsa: Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Cikin ƙwayar ido akwai wani ruwa mai kauri kamar farin ɗanyen ƙwai. In mutum ya haura 50 sai ya fara tsinkewa, ya yi dunƙule-dunƙule, ya saki bangon bayan ido. Inuwar waɗannan dunƙulen ce kake gani, shi ya sa suka fi fitowa a kan farar takarda ko farin bangon masallaci, kuma in ka bi su da ido sai su gudu. Yawanci ba su da illa, kuma su kaɗai ba sa sa ciwon kai.

Haɗuwar biyun ce ta sa na tsaya. Abin da zan fara nema shi ne hawan jini, don yana taɓa ƙananan jijiyoyin bayan ido, in ya yi tsanani kuma ya sa ciwon kai. Daga 140/90 zuwa sama, in an auna sau da yawa, hawan jini ne. Ciwon suga kan sa jini ya tsiyaya cikin ido, mutum ya riƙa ganin kamar hayaƙi ko toka. Haka ma sikila nau'in SC, wadda muke da ita sosai a Gana. Wasu har su tsufa ba su san suna ɗauke da ita ba. Wani lokaci kuma ciwon kan bai wuce na tsohon tabarau da ya daina yi maka daidai ba.

Amma akwai alamun da ba a kwana da su. In ɗigon ya ƙaru farat ɗaya, ko kana ganin walƙiya a gefen ido, ko kamar an saki labule ya rufe wani ɓangare, mai yiwuwa tantanin gani da ke bayan ido ne ya yage. In idon ya yi ja, yana zogi, ga amai, kana ganin zobe kewaye da fitila, wannan hawan jinin ido ne mai tasowa farat ɗaya. In gefen goshi na ciwo, muƙamuƙi na gajiya wajen tauna, mai yiwuwa kumburin jijiyar jini ne da kan makantar cikin kwanaki. Ko ɗaya ka gani, ka nufi asibitin Komfo Anokye a ranar.

In babu su, ka je sashen ido cikin makon nan. Don Allah a ajiye maganin ɗigawa na kasuwa, ba ya kaiwa inda matsalar take. Za a ɗiga maka maganin buɗe ƙwayar ido a leƙa bayansa, ganinka zai yi dishi-dishi na 'yan awoyi, don haka ka tafi da yaro ya rako ka, ka kuma riƙo duk magungunan da kake sha.