Kilishi ba ya naɗuwa a jikin grissini

Kai yaro, ka ce ko za a iya naɗe grissini, burodin nan na Italiya mai kama da sanda, da kilishi tunda ba ma taɓa naman alade, kuma ko za ka naɗe tun da safe ka huta. Ta farkon tambaya ce. Ta biyun kuwa tsohon miki ka fama mini.

Kilishi ba zai yi ba. Ya bushe ƙayau, kana lanƙwasa shi zai karye, ga labu da yaji da za su danne komai. Su mutanen Italiya da prosciutto suke yi, cinyar alade da aka shafe da gishiri aka rataye fiye da shekara, irin ta garin Parma. Mu bresaola muke nema, naman shanu ne daga kwarin Valtellina, can arewacin Italiya kusa da iyakar Suwizalan, wanda ake shanyawa wata 2 zuwa 3. Ka duba tambarin halal a jikin leda, ka karanta kayan haɗin, don wasu na zuba giya. Yanka kuwa, in ba ka hango hasken fitila ta cikinsa ba, ya yi kauri.

Kwaɓin grissini ba zan tsaya koya maka ba. Siririn burodin birnin Turin ne mai ƙaras-ƙaras, duk wanda ya daɗe a gaban tanda bai iya shi ba ya koma wanke-wanke.

Wata Hajiya ce ta zo mini da liyafar ɗiyarta a Abuja, tsakiyar damina. Ta ga naɗaɗɗen grissini a waya, ta ce shi take so baƙi su fara ci. Ta ba da rabin kuɗi, na cika da nawa na sayo bresaola, kuma ka san kayan da ya hau jirgi ba a tayawa. Liyafa sai bayan magariba, amma ta kafe a kai mata a naɗe tun azahar, wai mai hoto zai ɗauka. Na ce Hajiya, naman yana da danshi, burodin zai sha, bari in zo da yarana mu naɗe a wurin. Ta ce ba ta son kuku a gaban manyan baƙi. To, an kai. Mutanenta suka lulluɓe da leda suka tura firij. Kafin baƙi su zauna, kowace sanda ta yi laƙwas kamar dafaffiyar taliya, naman ya yi duhu a gefe. Washegari na je karɓar ciko, maigadi ya ce ta yi tafiya, ga motarta ina kallo. Daga baya na ji tana yawo da ni wajen ƙawayenta, wai tsohon kaya na sayar mata. Har farantaina na tangaran ba ta dawo da su ba. Allah ya isa.

Ku yaran yanzu hutu kuke nema tun ba a fara aiki ba, hannu ɗaya a tire ɗaya a waya. Ka fito da naman daga firij ya sha iska kamar minti 10 don ya saki. Ka naɗe rabin sandar kawai a karkace, ka bar ƙasa wurin riƙewa. Ɗigon man zaitun ya isa, lemun tsami a ajiye a gefe don yana sauya wa naman kala. Sai ka ji an fara sallama a ƙofa sannan ka naɗe, kuma in mai biki ta ce a kai tun azahar, ka turo ta wurina.