Likita, tafiya hutu ƙasar waje za ta cire min gajiyar aiki?

Tambaya: Likita aikin banki nake a Kano, na tara hutun sati biyu, Dubai ko Istambul wanne ya fi?

Amsa: In Yuli ko Agusta ne bar Dubai, zafi na haura digiri 40, a ɗaki za ka ƙare ƙarƙashin esi. Ko ina ka je dai kar ka mai da hutun yawon kasuwa da sayo saƙon dangi, kuma ka kashe WhatsApp ɗin ofis.

Tambaya: Sai na sake allurar shawara kafin tafiya?

Amsa: A'a Hajiya, guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Wanda bai taɓa yi ba ya yi ta aƙalla kwana 10 kafin tashi, ya riƙe katin.

Tambaya: Wani abokina ya ce in tafi da tiramol saboda ƙarfin jiki, da baliyam na barci a jirgi.

Amsa: Haba ɗan uwa! Wane irin aboki ne wannan dan Allah? Tiramol na sa farfaɗiya, in ka haɗa shi da baliyam numfashi na iya tsayawa kana barci, kuma a Masar da Dubai in aka kama ka da shi ba takardar likita gidan yari ne zai zama masaukinka. In har ba ka iya wuni sai da shi to ka riga ka kamu, je asibiti a yaye ka a hankali, kar ka tsayar rana ɗaya.

Tambaya: Likita malamar makaranta ce ni, wata uku ba na barci, abinci ba ya shiga, ina shiga aji sai kuka, wani lokacin har nakan ji gara in mutu in huta. Maigidana zai kai ni Alkahira in sha iska, surukata kuma ta ce sammu ne.

Amsa: 'Yar uwa saƙonki na fi daɗewa a kai. Gajiyar aiki gaskiya ce, tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta da alamomi uku, ƙarewar ƙarfi, jin aikin ya fita a rai, da raguwar ƙwazo, kuma mai irinta in ya zauna bakin kogin Nilu da yamma ba waya ba oga zai ji sauƙi, ko da yake sauƙin kan gushe 'yan makonni bayan an dawo matuƙar aikin na nan yadda aka bar shi. Amma naki ya wuce nan. Ƙuncin da ya haura sati biyu, ya hana ci ya hana barci har ya kawo tunanin mutuwa, ciwon damuwa ne, kuma shi jirgi ɗaya za ku hau.

Na san a wajenmu da an ji haka sai a ce sammu ko aljanu, a kawo hayaƙi da rubutu wata da watanni, mutum na ƙara nutsewa. Ki yi addu'a, ki yi azkar, ba mai hana ki, amma ki haɗa da asibiti, kuma wannan ba raunin imani ba ne. Cikin satin nan ki ga likita a gwada jininki da sikari da maƙoƙo, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo kan zo da irin wannan kasala, sannan ki ga likitan ƙwaƙwalwa, akwai Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato. Zuwa can ba hauka ba ne wallahi. Maganin kan ɗauki sati biyu zuwa huɗu kafin a fara jin aikinsa, kar ki ajiye shi.

Ki faɗa wa maigidanki maganar mutuwar nan yau, da bakinki. In tunanin ya yi ƙarfi cikin dare kar a jira safiya, a kai ki asibiti mafi kusa. Tikitin Alkahira a ɗaga shi tukuna sai kin ga likita.