Amsa: Akwai aiki a harkar tace ruwa ga mai karatun injiniyan sinadarai?

Ƙanena, ka ce kana aji uku a Jami'ar Bayero ta Kano (BUK), kana karanta injiniyan sinadarai, kana tambaya ko harkar tace ruwa za ta riƙe mutum ko dole sai kamfanin mai. Wallahi za ta riƙe ka, kuma Kano na buƙatarka.

Nemi horon SIWES ɗinka, wato koyon aiki da ake tura ɗalibai su yi a masana'antu, a matatar ruwa ta Tamburawa ko ta Challawa. A can za ka gane cewa aikin lissafi ne. Ruwan kogi da damina jawur yake zuwa, cike da laka. Alif ɗin da ya isa da rani ba zai isa a watan Agusta ba. Kullum sai an gwada a kwalabe, a ga adadin da zai dunƙule laka ta kwanta, a daidaita tsamin ruwan da farar ƙasa, ya bi ta yashi, sannan a sa kulorin daidai gwargwado: ya yi kaɗan ƙwayoyin cuta su tsira, ya yi yawa mutane su ƙi sha. Wannan ɓangaren na fi so ka ƙware a kai, domin yaran unguwanninmu ne ke shan ruwan.

Ban da Hukumar Ruwa, akwai masana'antun fata na Sharaɗa da Challawa, masu zubar da ruwa mai sinadarin kuromiyam da ya wajaba a tace, ga kamfanonin lemo da na fiya wata.

Albashin gwamnati ba shi da yawa, gaskiya. Bayan hidimar ƙasa ka fara tara shekarun aiki don rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ka kuma koyi famfuna da lantarki, don rashin wuta ne ke yawan tsayar da matatunmu.