Ni da ba likita ba, ta yaya zan gane ciwon damuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Shekara shida ina aikin sa-kai a ƙauyenmu a jihar Jigawa, ina bi gida-gida kan rigakafi da awon ciki. Yanzu an kira mu horo, wai za mu riƙa gano masu ciwon damuwa. Karatuna iya sakandare ne, kuma ina tsoron a ce na shiga gidan mutum na kira matarsa mahaukaciya. In karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki karɓa da hannu biyu. Ba a ce ki yanke wa kowa ciwo ba, wannan na likita ne. Naki shi ne tambaya da sauraro, sai raka mutum inda za a duba shi.

A Zimbabwe, tun 2006 likita Dixon Chibanda ya fara horar da tsofaffin mata, suna zama kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. Kakannin nan ba su fi ki karatu ba. Yardar jama'a gare su, ke ma kina da ita.

Takardar da aka fi amfani da ita wajen gano ciwon damuwa ana ce mata PHQ-9. Tambayoyi tara ne kan makonni biyun da suka wuce: barci, cin abinci, kasala, ɓacin rai, ganin kai ba a bakin komai ba, da sauransu. Makin duka 27 ne, wanda ya kai 10 a tura shi asibiti, domin ƙarancin jini ma yana kawo irin wannan kasalar. Amma don Allah kada ki karanto takardar kamar mai ƙidaya.

Lokacin da nake aiki a wani ƙaramin asibitin karkara, akwai matar da ta zo sau huɗu da ciwon kai da mutuwar jiki. Muka yi ta ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro. A zuwa na biyar na ce, "Yaya sana'a?" Ta yi shiru tana murza bakin hijabinta, can ta ce tun da jaririnta ya rasu da damina ba ta sake ɗora kaskon ƙuli-ƙuli ba, ko biki ba ta son zuwa. Har yau ina jin ciwon watannin da muka ɓata mata. Mutanenmu da wuya su ce "ina da ciwon damuwa". Cewa suke barci ya ƙaurace, tunani ya yi yawa, ƙirji ya yi nauyi. Ta nan za ki shiga, kuma kalmar hauka kada ta fito daga bakinki. Ki nemi keɓewa, ba a gaban kishiya ko uwar miji ba, abin da kika ji kuma ya tsaya tsakaninki da jami'in lafiya.

Tambaya ta tara ita ce mai nauyi, ko mutum yana jin gara ya mutu ko yana tunanin cutar da kansa. Ki yi ta a natse, tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. In ta amsa da e, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da fiya-fiya daga ɗakin, a kai ta asibiti a ranar.

A wurin horon ki tsare su da tambaya: in na gano, ina zan tura? Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin mhGAP tun 2008 na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci kula da irin wannan ciwo. Ki ji ko akwai wanda ya samu horon a asibitin da ya fi kusa da ku, ki karɓi lambarsa kafin ki buɗe bakin mace ta farko.