Amsa: Me ya sa burodin tafarnuwa yake ɗaci, ya kuma jiƙe da mai?

'Yar uwa, kin ce naki yana fitowa da ɗaci-ɗaci, sama ya ƙone, ciki kuma ya yi sharkaf da mai. Abu biyu ne ke jawo haka: narkar da bota kafin a shafa, da barin tafarnuwa a fili gaban wuta mai ƙarfi. Tafarnuwa ba ta jure wuta, da ta yi duhu shi ke nan, ɗaci ya shiga, ba kuma gyara.

Ki nemi dogon burodi mai ɓawo, irin na Faransa, wanda ya kwana ɗaya ma ya fi kyau. Mai laushin nan mai zaƙi shan mai yake yi kamar soso, sukarin cikinsa kuma na saurin ƙonewa.

Ga burodi ɗaya, bota giram 100 ta isa. Ki fitar da ita daga firij kamar awa ɗaya kafin ki fara, har sai in kin danna da yatsa ta lotsa amma ba ta tsiyaya ba. Tafarnuwa ƙwaya 4 ko 5, ba dunƙule ba. Ki tsaga kowace, in kin ga koren tsiro a tsakiya ki zare shi. Sai ki daka da gishiri rabin ƙaramin cokali har ta yi luƙwi, don manyan gutsattsarin nan su ne ke tsayawa a sama su ƙone. In botar mai gishiri ce, ɗan barbaɗe ya wadatar. Ki cakuɗa da yankakken ganyen faski babban cokali 2, amma ki tsane shi sosai bayan wanki.

Ki yayyanka burodin, kaurin kowane yanki kamar santimita 2, kada wuƙar ta kai ƙasa ta raba shi. Ki shafa haɗin a tsakankanin, ki naɗe da takardar foyil. Obin ya riga ya yi zafi, digiri 180 a ma'aunin Celsius, ki ba shi minti 12 zuwa 15. A rufen nan ne botar ke narkewa a hankali ta ratsa, tafarnuwar ta nuna da tururi, yajinta ya kwanta. Daga nan ki buɗe saman, ki ƙara wuta zuwa 200, minti 3 zuwa 5 kacal. Kada ki gusa daga wurin. Da gefe ya fara ja ki fitar. In za ki sa cuku, sai lokacin da kika buɗe saman, ba tun farko ba.

In babu obin, kasko ma yana yi. Ki raba yankan, wuta ƙasa-ƙasa, ki rufe kaskon ki fara gasa gefen da ba a shafa ba, sannan ki juya mai botar na kamar minti ɗaya.

Af, in kin matsa lemon tsami kika ga tafarnuwar ta koma kore ko shuɗi-shuɗi, tsamin ne, ba lalacewa ta yi ba. Abin kiyayewa shi ne ragowar haɗin: ɗanyar tafarnuwa cikin mai ba a barinta a waje, ƙwayar cuta mai haɗari na iya tsirowa ba wari ba alama. Ki sa a firij ki ƙarar cikin kwana 3, ko ki mulmula ki naɗe ki jefa firiza.